Sauyin tsarin aiki a Jigawa: Ƙaurar da ma'aikata suka sha tun daga 1991

A cikin shekaru talatin da 'yan kai da kafa Jihar Jigawa, ma'aikacin gwamnati ɗan asalin Gwiwa zai iya ƙirga aƙalla sau huɗu da aka sauya masa uban gida, ko ofishin da ke riƙe da fayil ɗinsa, ko garin da ake yanke shawara a kan albashinsa, ba tare da shi ya nemi canjin wurin aiki ba.

Wasu daga cikin sauye-sauyen sun zauna da gindinsu. Wasu kuwa gwamnatin da ta biyo baya ta warware su. Abin da ya bambanta su, a mafi yawan lokuta, shi ne ko an tanadi amsar tambayoyin da ma'aikaci ke fara yi idan ya ji labarin sauyi: ina zai kwana, wa zai biya shi, wa zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa, kuma me zai samu ranar da ya ajiye aiki.

Gwiwa da nisanta

Gwiwa na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, tana can ƙuryar arewa maso yammacin jihar, a kan iyaka da Jihar Katsina. Ita da Kazaure da Roni da 'Yankwashi ne suka haɗu suka zama masarautar Kazaure, kuma su huɗun ne ke da kujera guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa mutanen ƙaramar hukumar sun haura 120,000, akasarinsu manoma da makiyaya.

Wanda ya dubi taswira zai ga cewa wannan yanki kamar reshe yake da ya miƙe daga jikin jihar, ta wajen Babura ne kawai yake manne da sauran sassa. Hanyar da matafiya suka fi bi daga Kazaure zuwa Dutse, babban birnin jihar, sai ta ratsa ta cikin Jihar Kano. Saboda haka duk shawarar da aka yanke game da inda za a ajiye wani ofishi, ga ma'aikacin Gwiwa magana ce ta kuɗin mota da wunin tafiya.

Rabuwa da Kano

A ranar 27 ga watan Agusta na shekara ta 1991 ne gwamnatin mulkin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta ba da sanarwar ƙirƙiro sababbin jihohi, ciki har da Jigawa wadda aka yanko daga tsohuwar Jihar Kano. Aka naɗa Kanar Olayinka Sule ya riƙe sabuwar jihar, kafin ya miƙa mulki ga zaɓaɓɓen gwamna Ali Sa'ad Birnin Kudu a watan Janairun 1992.

Kamar yadda aka saba a Nijeriya idan an raba jiha, asalin ma'aikaci aka bi wajen raba ma'aikata. Wanda garinsu ya faɗa cikin Jigawa sai ya tattara ya nufi Dutse, ko da kuwa a birnin Kano ya gina gida, a can 'ya'yansa ke makaranta, a can matarsa ke aiki. An kuma kafa kwamitoci na raba kadarori, daga motoci zuwa kujeru da akwatunan ajiye fayil.

Dutse a lokacin hedkwatar ƙaramar hukuma ce, ba ta da ofisoshi ko gidajen da za su ɗauki ma'aikatan jiha guda. Ma'aikatu suka raɓa a gine-ginen aro da na haya. Ma'aikata da yawa suka bar iyalansu a Kano, suna zuwa aiki suna komawa, al'adar da ta daɗe ba ta gushe ba. Ga mutanen ƙasar Kazaure abin ya zo da wani ƙarin nauyi, domin tsohuwar hedkwatarsu, wato Kano, ta fi sabuwar kusa da gida.

Sai dai kuma sauyin ya zo da abin da ya sa aka jure masa. Sabuwar jiha na bukatar manyan sakatarori da daraktoci da shugabannin sassa, kuma mutane da dama da suka daɗe suna jiran layi a Kano sun samu ci gaba cikin ɗan lokaci. Bugu da ƙari, jama'ar yankin sun daɗe suna neman jiha tasu, don haka ma'aikaci ya san dalilin wahalar da yake sha.

Irin wannan ne ya sake faruwa, amma a ƙaramin mataki, a 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙara yawan ƙananan hukumomin ƙasar zuwa 774. An sake raba ma'aikata da kayan aiki, aka fara gina sakatariya daga tushe. Manyan ma'aikata, daga mataki na 7 zuwa sama, suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha, wadda ke iya tura su ko'ina, don haka sauyin bai taɓa matsayinsu ba. Ƙananan ma'aikata su ne suka koma ƙarƙashin sabon uban gida gaba ɗaya.

Ma'aikatu a garuruwa daban-daban

Sauyin da aka fi tunawa da shi a tarihin aikin gwamnati a Jigawa shi ne wanda ya zo bayan komawa mulkin farar hula a 1999. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, ɗan asalin Kazaure, ya ɓullo da manufar rarraba ma'aikatu da hukumomin gwamnati zuwa manyan garuruwan masarautun jihar biyar, wato Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, maimakon a tara su a babban birni.

Hujjar da aka kafa tana da ƙarfinta. Jigawa jiha ce ta karkara wadda ba ta da wani birni guda da ya rinjayi saura, kuma kowace masarauta na ganin tana da haƙƙi a kan arziƙin jihar. Idan aka ajiye ma'aikata a gari, albashin ma'aikatanta zai shiga kasuwar garin, masu gidajen haya da masu abinci da direbobi za su amfana. Gwamnan ya kuma ɗora fata mai yawa a kan fasahar sadarwa, ya zuba jari a harkar intanet, kuma a zamaninsa ne aka kafa cibiyar koyar da ilmin kwamfuta a Kazaure. Tunanin shi ne, idan saƙo na iya tafiya ta waya, ba dole ba ne ofisoshi su kasance a harabar gida ɗaya.

Amma aikin gwamnati a wancan lokaci a kan takarda yake tafiya. Fayil ɗin da ke bukatar sa hannun ma'aikatu biyu ko uku sai an ɗauke shi a mota daga wannan gari zuwa wancan. Wayar salula ma sai a 2001 ta shigo Nijeriya, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta game karkara. Kwamishinoni da manyan sakatarori na yawan kasancewa a kan hanya saboda taro a Dutse. Ɗan kwangila ko ɗan fansho da ke bin haƙƙinsa kan zagaya rabin jihar kafin ya kammala abin da a da zai yi a wuni guda. Masu sukar manufar sun ce ta hana Dutse samun siffar babban birni, ta kuma ƙara wa ma'aikata dalilin ci gaba da zama a Kano, tun da daga can ana iya isa kusan kowane daga cikin garuruwan.

Ga mutumin Gwiwa lamarin na da fuska biyu. Abin da aka kawo Kazaure ya matso kusa da shi, abin da aka kai gabashin jihar kuwa ya ƙara yi masa nisa fiye da Dutse.

Da Alhaji Sule Lamido ya hau mulki a 2007, ɗaya daga cikin matakan da ya fara ɗauka shi ne mayar da ma'aikatun Dutse. Gwamnatinsa ta gina sabuwar sakatariya da rukunin gidaje, ta kuma matsa wa ma'aikata lamba su zauna a inda suke aiki. Ma'aikacin da aka kwaso daga Kano a 1991, aka tura shi wani gari bayan 1999, sai ga shi ya sake ɗaure kaya a karo na uku cikin shekaru goma sha shida.

Raba ma'aikatu tsakanin garuruwa ba a Jigawa aka fara shi ba, kuma ba ko'ina ya rushe ba. A ranar 20 ga watan Yunin 1991 majalisar dokokin Jamus ta kaɗa ƙuri'a, 338 da 320, ta amince a mayar da mazaunin gwamnati daga Bonn zuwa Berlin. Amma sai da aka kafa doka ta musamman a 1994 wadda ta fayyace abin da zai tashi da abin da zai zauna, kuma sai a 1999 majalisar ta koma. An bar wa ma'aikatu shida babban mazauninsu a Bonn, aka kuma kai wasu hukumomin tarayya can domin cike gurbin waɗanda suka tashi. Duk da haka Jamusawa sun yi ta muhawara a kan kuɗin da zirga-zirgar jami'ai tsakanin biranen biyu ke ci. A Nijeriya ma, tsakanin dokar kafa Abuja ta 1976 da ranar 12 ga watan Disamban 1991 da fadar gwamnati ta bar Legas, shekaru goma sha biyar ne. A Jigawa, tashin da dawowar duka sun faru ne cikin ɗan lokaci, da umarnin gwamna.

Abin da masana suka gano

Nazarin yadda ake jagorantar sauyi a wurin aiki ya samo tushe ne daga Kurt Lewin, masanin halayyar ɗan'adam da ya bar Jamus ya koma Amurka a 1933. A rubutunsa na 1947 ya kwatanta sauyi da matakai uku: a sassauta tsohuwar al'ada, a matsa zuwa sabuwa, sannan a kafe sabuwar yadda ba za ta zame ba. Mataki na ukun ne aka fi yin sakaci da shi.

A 1948 wasu masu bincike biyu, Lester Coch da John French, suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a masana'antar ɗinka kayan barci ta Harwood da ke jihar Virginia. An sauya wa rukunoni na ma'aikata tsarin aikinsu. Rukuni guda an kira su ne kawai an gaya musu abin da aka yanke. Aikinsu ya faɗi ya ƙi tashi, ƙorafi ya yawaita, kuma kashi 17 cikin ɗari suka bar aikin a cikin kwanaki 40 na farko. Rukunonin da aka zauna da su aka tsara sabon aikin tare kuwa sun farfaɗo cikin 'yan kwanaki, har suka zarce abin da suke yi a da.

William Bridges, wani Ba'amurke mai ba kamfanoni shawara, ya fitar da littafinsa a kan wannan batu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa. Shi ya bambanta sauyin da ake yi a takarda, wanda ke da ranar farawa, da ƙaurar da mutum ke yi a zuciyarsa, wadda ba ta da rana. A ganinsa mutum na fara wa ne da rabuwa da abin da ya saba, sannan ya shiga wani lokaci na tsaka-mai-wuya da tsohon tsari ya tafi sabon bai kankama ba, kafin ya karɓi sabon. Shugaban da ya ƙi yarda cewa mutanensa sun yi asarar wani abu, ko gida ne, ko abokan aiki, ko matsayi, yakan tsawaita wannan lokaci na tsakiya.

Shi kuwa John Kotter na Jami'ar Harvard, bayan ya duba kamfanoni fiye da ɗari, ya lissafa a 1995 kura-kuran da ke kayar da sauyi. Daga ciki akwai ƙarancin bayani ga ma'aikata, da rashin haɗa gungun masu faɗa-a-ji da za su tallafi tafiyar, da saurin shelar nasara.

Akasarin waɗannan nazarce-nazarce a Amurka aka yi su, inda wanda bai gamsu ba yake ajiye aiki ya nemi wani. A Jigawa, inda gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata, da wuya mutum ya ajiye aiki. Rashin gamsuwarsa ta wata hanya take fitowa: zuwa ofis ranar Talata a bar shi ranar Alhamis, neman hanyar a mayar da shi kusa da gida, ko jiran gwamnati ta gaba ta warware abin da wannan ta ƙulla. Shugaban da ke auna nasara da cewa babu wanda ya yi murabus zai iya daɗewa bai san halin da ake ciki ba.

Tsarin Gunduma

Sauyin da ya fi kusa da abin da masanan ke ba da shawara shi ne wanda aka yi a fannin lafiya. Kafin 2007 kula da lafiya a jihar a warwatse yake. Ƙananan hukumomi ke riƙe da ɗakunan shan magani da ƙananan asibitoci, Ma'aikatar Lafiya ke riƙe da manyan asibitoci, ma'aikatan kuma wasu na amsa umarnin wannan hukuma, wasu na waccan. Jami'in lafiya a wani ƙauye na Gwiwa da likitan babban asibitin Kazaure, duk da cewa marasa lafiya ɗaya suke miƙa wa juna, ba su da shugaba guda.

Da tallafin shirin PATHS na hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya, DFID, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2002, jihar ta tsara haɗe matakan biyu wuri guda, bisa tsarin kula da lafiya na gunduma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana yayatawa. An shafe shekaru ana tarurruka da shugabannin ƙananan hukumomi da sarakuna da ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da 'yan majalisa kafin a kafa dokar a 2007. Aka raba jihar gida tara, kowane da majalisarsa da daraktansa, Kazaure na ɗaya daga cikin cibiyoyin. A sama kuma aka kafa Hukumar Gunduma mai gudanar da asibitocin, aka bar wa Ma'aikatar Lafiya tsara manufofi da sa ido.

Wani abin lura shi ne a zamanin wata gwamnati aka fara shirin, wata ce ta aiwatar da shi, abin da ba kasafai ake gani ba.

Wurin da aka fi shan wuya shi ne batun ma'aikata. Dole aka tattara bayanan dubban ma'aikatan lafiya daga ƙananan hukumomi 27, aka tantance takardunsu, aka mayar da su ƙarƙashin hukuma guda. Shugabannin ƙananan hukumomi sun rasa ikon ɗauka da tura ma'aikatan lafiya, wanda a siyasar karkara ba ƙaramin iko ba ne. Jami'an Ma'aikatar Lafiya sun rasa riƙon asibitoci kai tsaye. Ƙananan ma'aikata kuwa abin da ya fi damunsu shi ne kada shekarun aikinsu su salwanta a wajen mayar da fayil, da kuma tsoron a tura su nesa da gida.

Tsarin ya ja hankalin sauran jihohi, kuma ana ambatonsa cikin misalan da suka share fagen manufar tattara kula da lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwa guda, wadda Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da ita a 2011. Amma bai kai shekaru goma ba. Bayan zaɓen 2015 gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta rushe shi, ta kafa hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jiha, irin wadda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada a matsayin hanyar da kuɗin asusun lafiya na tarayya za su bi su isa jihohi. Manyan asibitoci suka koma hannun ma'aikatar. Abu guda da ya tsira shi ne ma'aikatan lafiya na matakin farko sun ci gaba da zama ƙarƙashin hukuma ta jiha.

Fansho

Akwai sauyi guda da ya ratsa gwamnatoci huɗu, daga ta Saminu Turaki da ta kafa shi zuwa ta Umar Namadi da ta hau a 2023. Shi ne tsarin fansho na karo-karo na ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, inda ake cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, gwamnati ta zuba kashi 17. Ya bambanta da tsarin tarayya na dokar 2004, wanda kowane ma'aikaci ke da asusunsa. A Jigawa kuɗin a tukunya guda suke taruwa, kuma matakin albashi da shekarun aiki ne ke ƙayyade abin da mai ritaya zai karɓa.

A ranar farko babu ma'aikacin da ke murna da a rage masa albashi. Abin da ya sa tsarin ya samu karɓuwa shi ne ma'aikata sun ga waɗanda suka riga su ajiye aiki suna karɓar garatuti da fansho, a lokacin da takwarorinsu a jihohi da dama ke bin bashin shekaru. Ƙungiyoyin ƙwadago sun zama masu tsaron tsarin, kuma jihohi da yawa sun aiko da tawagogi Dutse domin nazarinsa. Asusun ya fuskanci matsi a shekarun baya-bayan nan yayin da masu ritaya suka ƙaru, har gwamnati ta riƙa zuba masa ƙarin kuɗi.

Sauyin da ke tafe

A ranar 11 ga watan Yulin 2024 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, maimakon ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi. Aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri da ja-in-ja, amma ya sake buɗe tsohuwar tambaya ga ma'aikatan ƙananan hukumomi irin Gwiwa: wa zai biya albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya, kuma wa zai riƙa zuba kason fansho.

Ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta daɗe tana fafutukar samun wannan 'yanci. Ƙungiyar malamai ta NUT kuwa ta daɗe tana neman kada a bar albashin malaman firamare a hannun ƙananan hukumomi, kuma tana da dalilinta a tarihi. A 1991 gwamnatin soja ta rushe Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa da aka kafa a 1988, ta miƙa makarantun ga ƙananan hukumomi. Albashi ya riƙa makalewa watanni a sassa da dama na ƙasar, yajin aiki ya yawaita, har aka sake kafa hukumar a 1993.